In cire lemon nan daga shagona saboda Falasɗinu, ko in bari?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da shagon tireda a unguwarmu, shekara shida kenan. Tun da aka fara yaƙin Gaza zuciyata ba ta natsu da sayar da Coca-Cola da Pepsi da kayan Nestlé ba, kullum sai an turo min jerin sunaye a WhatsApp an ce duk na Yahudawa ne. Matsalar ita ce lemo shi ya fi jawo min kwastoma lokacin zafi, firjin da nake amfani da shi ma na kamfani ne, ga bashin dila a kaina. Maƙwabcina ya cire nasa har ya manna takarda a ƙofa, yanzu wasu suna min kallon wanda bai damu da Falasɗinawa ba. In na ci gaba da sayarwa na ci amana ne? In kuma na daina ya zan yi da bashi da yaron shagona?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya saka da alheri da wannan damuwa, domin mutumin da ke tsaye a shago tun safe har dare yana lissafin naira ashirin da hamsin amma duk da haka yaran Gaza suna hana shi sukuni, to zuciyarsa na raye. Ni dai na daɗe a harkar nan, na fara da bin motar kamfani ina raba lemo shago shago, daga baya na buɗe wurin sari na kayan masarufi, kuma yanzu ina zama da ƙananan 'yan kasuwa muna duba littafinsu na shiga da fita. Wannan tambayar taka an yi min ita ya fi a ƙirga, ni ma kaina sai da na yi wa kaina ita. In na fahimce ka, kana so ka san ko kayan nan da gaske suna da hannu a abin da ake yi wa Falasɗinawa, ko cire su a shago ɗaya zai kai ko'ina, kuma in ka cire ya za ka yi da mutanen da haƙƙinsu ke wuyanka. Bari mu bi su a hankali.

Daga ina maganar ƙauracewar ta taso

Da yawa suna ɗauka a watan Oktoban 2023 aka fara wannan abu, alhali ya girmi haka nesa ba kusa ba. A watan Yulin 2005 ƙungiyoyin fararen hula na Falasɗinawa sama da 170 suka fitar da kira ga duniya cewa a ƙaurace wa Isra'ila, a janye jari daga cikinta, a sa mata takunkumi, shi ne abin da ake kira BDS a taƙaice. Buƙatunsu uku ne, a kawo ƙarshen mamaya, a ba Falasɗinawan da ke cikin Isra'ila cikakken haƙƙi daidai da kowa, a bar 'yan gudun hijira su koma gidajensu. Kuma sun faɗa da bakinsu cewa daga gwagwarmayar Afirka ta Kudu suka koyo salon. Mu 'yan Najeriya ba baƙi ba ne a wannan, ƙasar nan ta ƙi zuwa gasar Olamfik ta 1976 saboda batun wariyar launin fata, a 1979 kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP. Kaga kenan amfani da aljihu wajen matsa wa azzalumi lamba abu ne da muka taɓa yi a matsayin ƙasa.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne su masu kiran da kansu ba su ce a ƙaurace wa komai da komai ba. Tsarinsu shi ne a zaɓi kamfanoni kaɗan waɗanda akwai hujja a kansu, a dage musu har su canza, kuma sun sha jan kunne cewa dogon jerin nan mai ɗaruruwan sunaye raunana abin yake yi, saboda mutum in ya ga sabulunsa da man goge bakinsa da madarar ɗansa duk suna ciki sai ya ce ai ba zai yiwu ba ya watsar da komai. To jerin da ake turo maka a WhatsApp galibi irin wannan ne, ba sunan wanda ya haɗa, ba dalili a gaban kowane suna, wani ma abokin hamayyar kasuwa ne ya cusa sunan kayan wani a ciki.

Kuma kalmar nan "na Yahudawa ne" ka daina amfani da ita, don Allah. Manyan kamfanonin nan na masu hannun jari ne daga ko'ina a duniya, kuma ba addinin mai kamfani ake tuhuma ba, aikin da kamfanin ya yi ake tuhuma. Akwai Yahudawa masu yawa a Amurka da Ingila da suka fito kan titi suna adawa da yaƙin Gaza, an ma kama wasunsu. Manzon Allah (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina, har ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Abin dubawa shi ne wa ke taimaka wa zalunci.

Kayan da ka ambata, ɗaya bayan ɗaya

Coca-Cola. Dalilin da ya sa take cikin magana shi ne kamfanin da ke da lasisin yin ta a Isra'ila yana da wurin aiki a Atarot, wani yankin masana'antu da aka gina a ƙasar da aka mamaye a gabashin birnin Ƙudus. Irin waɗannan matsugunan da Isra'ila ke ginawa a ƙasar da ta mamaye haramtattu ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma Kotun Duniya a watan Yulin 2024 ta ce ci gaba da mamayar ma baki ɗaya ya saɓa doka. A ƙarshen 2024 ita BDS ta sa Coca-Cola cikin waɗanda take kira a ƙaurace musu. Wannan hujja ce ta gaske, ba jita-jita ba. Amma ga ɗaya ɓangaren wanda ba a cika turowa a WhatsApp ba, a cikin Falasɗinu kanta akwai kamfanin Falasɗinawa mai lasisin Coca-Cola, hedikwatarsa a Ramallah, har ya buɗe masana'anta a Gaza a 2016. Sannan wadda kake sayarwa a shagonka a nan gida ake yin ta, Nigerian Bottling Company ke yi, kamfanin da ke aiki tun 1951, yana da masana'anta a Challawa a Kano, ma'aikatansa da direbobinsa da dilolinsa 'yan'uwanmu ne. To kuɗin kwalba ɗaya in ka bi shi, kaso mai yawa a nan yake tsayawa, sukari, roba, dizal, albashi, haraji, ribar dila, ribarka. Amma akwai kason da ke fita, domin sinadarin da ake haɗa lemon daga uwar kamfani ake sayensa, kuma ita uwar kamfanin a Amurka tana da hannun jari a kamfanin da ya mallaki na Najeriyar. Saboda haka wanda ya ce maka duk kwalbar da ka sayar harsashi ka saya wa sojan Isra'ila ya yi ƙari, wanda kuma ya ce babu wata alaƙa sam shi ma bai faɗi daidai ba.

Pepsi kuma maganarta ita ce PepsiCo ta sayi kamfanin Isra'ila mai suna SodaStream, mai yin na'urar haɗa lemo a gida, a 2018 kan dala biliyan 3.2. A Najeriya Seven-Up Bottling ke yin ta, kamfanin da iyalan El-Khalil 'yan asalin Labanon suka kafa. Nestlé ita ce ta mallaki Osem, ɗaya daga manyan kamfanonin abinci na Isra'ila, shi ya sa sunanta ke fitowa. Amma Maggi da Milo da Golden Morn da ke kan kantarka a nan ake yin su, kuma ana sayen masara da waken suya da dawa daga manomanmu na arewa don yin wasu daga cikinsu.

Wani abu kuma da ake yawan ruɗa mutane da shi, lambar nan ta jikin kaya mai zane-zane. An ce in ta fara da 729 kayan Isra'ila ne. Eh 729 lambar Isra'ila ce kamar yadda 615 take ta Najeriya, amma tana nuna inda kamfani ya yi rajistar lambar ne, ba lallai inda aka yi kayan ba. Inda ya fi kamata ka buɗe ido shi ne dabino lokacin azumi, domin manyan dabinon nan masu laushi da ake kira majdul ana noma da yawa daga cikinsu a matsugunan da ke kwarin Jodan, wato a kan ƙasar da aka ƙwace kai tsaye. In za ka saro na kwali ka karanta inda aka noma shi. Mu kam alhamdulillah ga na Agadas ga na Dutse ga na Saudiyya da Aljeriya, ba mu da uzuri a wannan.

Shin yana tasiri kuwa?

Yana yi, amma ba yadda ake zuzutawa ba. A Oktoban 2023 mai lasisin McDonald's a Isra'ila ya sanar da raba wa sojoji abinci kyauta, mutane a Masar da Jodan da Malesiya da Indonesiya suka juya wa kamfanin baya, shugaban kamfanin da kansa ya amsa cewa cinikinsu ya taɓu, kuma a watan Afrilun 2024 suka sanar da sayen gidajen abinci 225 daga hannun mai lasisin. A Masar wani tsohon lemon gida, Spiro Spathis, wanda ake yi tun 1920 kuma an kusa mantawa da shi, sai ga shi ya dawo ana rububinsa. Majalisar dokokin Turkiyya ta cire kayan Coca-Cola da Nestlé daga wuraren cin abincinta a Nuwamban 2023. Kafin duk wannan ma kamfanin Faransa Veolia ya tattara ya bar Isra'ila a 2015 bayan shekaru ana matsa masa.

Amma dole in gaya maka ɗaya gefen domin kai ɗan kasuwa ne mai yaro a ƙarƙashinsa. Kamfanin Alshaya na Kuwait mai lasisin gidajen shan kofi na Starbucks a Gabas ta Tsakiya ya sallami ma'aikata kusan 2,000 a watan Maris na 2024, kuma waɗanda aka sallama ba attajirai ba ne, masu haɗa shayi ne da masu goge tebur. Ita SodaStream da aka matsa mata ta rufe masana'antarta da ke matsugunin Yammacin Kogin Jodan a 2015, wannan nasara ce ga masu kamfe, amma ɗaruruwan Falasɗinawa da ke aiki a wurin sun rasa aikinsu. Su masu kiran sun san da wannan, sun ce farashi ne da suka yarda su biya. To amma kai ba za ka yanke wa wani hukuncin biyan farashi ba tare da ka dube shi ba, kuma a nan ne maganar shagonka take.

Shago ɗaya ba zai girgiza hedikwatar Coca-Cola da ke Atlanta ba, wannan gaskiya ce. Amma ina yawan tuna labarin wata yarinya mai karɓar kuɗi a wani kanti a Dublin, Mary Manning, wadda a 1984 ta ƙi taɓa 'ya'yan itacen Afirka ta Kudu da kwastoma ta kawo gabanta, aka dakatar da ita, abokan aikinta kaɗan suka bi ta yajin aiki kusan shekara uku, har gwamnatin Ireland ta hana shigo da kayan gonar Afirka ta Kudu a 1987. Abin da ya sa nasu ya yi aiki shi ne sun san takamaiman abin da suke ƙi kuma sun daɗe a kai. Namu kuwa sau da yawa wata biyu ne, in hotuna suka ragu a Facebook sai kowa ya koma ruwa.

Ta fuskar addini

Ni ba malamin fatawa ba ne, kuma ina ba ka shawara ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da na sani kowa ya sani shi ne ƙissar Sumamatu bin Usal, shugaban Yamama, wanda bayan ya musulunta ya ce wa Ƙuraishawa ko ƙwayar alkama ɗaya ba za ta zo musu daga Yamama ba sai Annabi (SAW) ya yi izini. Malamai na kafa hujja da ita cewa matsin tattalin arziki halal ne. Kuma a cikin ƙissar dai, da yunwa ta tsananta a Makka suka roƙa, Annabi (SAW) ya sa aka sake musu abincin. Malaman zamaninmu sun saɓa, wasu na ganin ƙauracewa wajibi ce gwargwadon iko, wasu na ganin abin so ce, wasu na cewa shugabanni ne ke da hurumin ayyana ta. Abin da ban taɓa jin wani malamin kirki ya halatta ba shi ne ƙarya, cin bashi, ko ɓata sunan Musulmi saboda ita. Allah ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, kuma ya ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika. Waɗannan biyun su ne ma'aunina a wannan harka.

Kuskuren da na yi

A farkon yaƙin, cikin zafin rai, aka turo min wani jeri na ga sunan wani biskit da nake sarowa. Ban tambayi kowa ba na sa yara suka sauke katan-katan daga kanta suka jibge a bayan shago, na kira mai kawo min na ce ya zo ya kwashe kayansa. Washegari da hantsi ya zo da 'yar motarsa, dattijo ne mai furfura a gemu, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hularsa a hannu, bai ɗaga murya ba. Ya ciro katan ɗaya ya juya shi ya nuna min adireshin masana'antar da lambar NAFDAC, ya ce Alhaji wannan kamfanin ɗan ƙasa ne, sunan ne kawai ya yi kama da na waje, kuma kai ne na huɗu da ka mayar min da kaya a satin nan, ni kuma da kamasho nake ciyar da gida. Wallahi har yau in na tuna yadda ya mayar da katan ɗin a hankali ya jera sai in ji nauyi a ƙirjina. Na zalunci bawan Allah da sunan taimakon waɗanda ake zalunta. Na ba shi haƙuri na karɓi kayan, amma sauran ukun ban san ko sun karɓa ba. Tun daga ranar duk sunan da aka turo min sai na nemi dalili, wane aiki kamfanin ya yi, a ina, wa ya tabbatar.

To me za ka yi a shagonka

Farko dai shagonka naka ne. Kana da cikakken 'yanci ka ƙi sayar da abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ba wanda zai tilasta maka, kamar yadda da yawanmu ba ma sayar da taba duk da tana da riba. Idan ka tambaye ni ra'ayina, ina goyon bayan ka rage ko ka cire waɗanda hujjarsu ta tabbata, ni ma abin da na yi kenan da lemo. Amma da tsari.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki sati biyu kana rubuta cinikin lemo daban. Ba kuɗin da ya shigo ba, ribar da ta rage bayan ka cire kuɗin saro da na ƙanƙara ko man janareto. Yawancin masu tireda da na zauna da su suna mamaki in sun ga lissafin, domin ribar manyan lemukan nan a kan kwalba siririya ce, amfaninsu shi ne suna jawo mutum ya shigo ya haɗa da burodi da biskit da kati. To abin da kake tsoron rasawa ba ribar lemon ba ce, ƙafar kwastoma ce, kuma ƙafar kwastoma abin sanyi take bi, ba lallai suna ba. In akwai abu mai sanyi a firji da rana tsaka a watan Afrilu, yawancin waɗanda ka sani za su sha abin da suka samu. Waɗanda za ka rasa su ne masu biki da suna da walima da ke zuwa da sunan abin da suke so, ni ma na rasa wasu daga cikinsu kuma ba su dawo ba, ba zan ɓoye maka ba.

Bashin dila kuwa babu wata magana, sai ka biya shi cif. Dila ba Isra'ila ba ne, mutum ne da ya yarda da kai ya ba ka kaya ba tare da ka ajiye komai ba, wataƙila shi ma bashin banki ne a kansa. Na ga waɗanda suka fake da ƙauracewa suka riƙe kuɗin mutane, wannan cin amana ne tsagwaronsa. Kayan da ke shagonka yanzu ka sayar da su, kuɗinsu ya riga ya tafi kamfani, in ka zubar a kwata kanka kawai ka cuta kuma ka yi almubazzaranci. Ka sayar, ka biya, ka mayar da kiret da kwalaben da ke hannunka a ba ka kuɗin ajiyarka, sannan ka je da ƙafarka ka gaya masa gaskiya cewa daga wata mai zuwa ba za ka ƙara ɗauka ba, ga dalili. Kada ya ji a bakin wani. Sau da yawa ma dilan yana da wasu kayan da za ku ci gaba da hulɗa a kansu.

Sai firji, kuma a nan ne mutane da yawa ke zamewa. Firjin kamfani amana ce, an ba ka ne bisa sharaɗin kayansu za ka sa a ciki. Ba daidai ba ne ka daina sayen kayansu kuma ka cika firjinsu da lemon wani kamfani, in jami'insu ya zo ka yi sauri ka jera kwalba biyar a gaba. In ka yanke shawara, ka kira su su ɗauki abinsu. Shi ya sa nake cewa kada ka yi gaggawa, ka fara tara kuɗin firiza ko da ta hannu ce, ko ka shiga adashi saboda ita, ko ka fara da kula, wato akwatin riƙe sanyi, kana zuba mata ƙanƙara. In zai ɗauke ka wata uku ko huɗu, ya ɗauka. Da yadda kaya suka yi tsada tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, ba zan ce wa mai ƙaramin jari ya yi tsalle ɗaya ya faɗa rami ba.

Madadin kuwa akwai. Ga Bigi na Rite Foods, ga Pop Cola da ake yi a Kano, ga wasu da dama. Kuma kada ka raina zoɓo da kunun aya da lemon citta da fura da yogot na matan unguwa, ribarsu ta fi ta lemon kwalba, kuma kuɗin a unguwarku zai kwana. Sai dai ka tsaya a kan tsafta, ka san ruwan da ake amfani da shi, ka tabbata robobin sababbi ne ba tsintattu ba, kunun aya kuma kada ya kwana. Abu ɗaya da zan roƙe ka, in mutane suka koma kan madadin kada ka ƙara masa kuɗi don ka ga ana nema. Na ga an yi haka, mutum ya cire lemon waje ya manna tutar Falasɗinu sannan ya ɗora naira hamsin a kan na gida. Wannan cin kasuwa ne da jinin mutane.

Haka batun akwatin taimako. In ka rubuta cewa wani kaso na ribarka zai tafi Gaza, to ya zama alkawari, ka rubuta nawa ne, ka ware shi duk sati, ka san ta hannun wa zai tafi, ka ajiye rasit inda duk wanda ya tambaya zai gani. Asusun bogi sun yi yawa da sunan Gaza. In ba ka da tabbacin hanyar da kuɗin za su isa, gara kada ka rubuta komai.

Yaron shagonka kada ya zama shi ne zai biya kuɗin shawarar da ka yanke. In ciniki ya ja baya na ɗan lokaci, daga ribarka za a rage, ba daga haƙƙinsa ba. Ka zaunar da shi ka yi masa bayani domin shi ne zai amsa wa kwastoma in ba ka nan, ka koya masa ya ce "ba ma kawo shi yanzu, amma ga wannan mai sanyi", shi kenan, ba wa'azi ba gori. Wanda ya tambayi dalili a gaya masa cikin mutunci. Kwastomanka akwai Kirista akwai Musulmi akwai wanda bai ma san me ake ciki ba, kuma kada ka manta a cikin Falasɗinawan akwai Kiristoci, an kai hari harabar cocin Saint Porphyrius a Gaza a Oktoban 2023 mutane suka mutu a ciki. Direban da ke kawo lemo unguwarku shi ma kada a bari yara su yi masa ihu ko jifa, neman abincinsa yake.

Game da maƙwabcinka da masu yi maka wani kallo, shi ya yi abin da ya ga zai iya, Allah ya ba shi lada, amma ba ka san ko shi ba shi da bashi ba, ko firjin nasa ne na kansa. Kada ka cire kaya don kunyar mutane, domin abin da aka yi don idon jama'a da zarar idon ya kau ake komawa, na ga shaguna da suka manna takarda da babban rubutu bayan wata uku kiret ya dawo ta ƙofar baya. Kai ma in ka cire kada ka juya ka fara yi wa na gaba da kai irin kallon da ake maka yanzu. In ma za ku iya, ku masu shaguna na layinku ku zauna ku yarda a kan kaya ɗaya ko biyu da kowa zai daina tare, ku nemi dila ɗaya na madadin ya riƙa kawo muku a farashin sari mai sauƙi tunda kun haɗa oda. Wannan ya fi tasiri kuma ba wanda zai kwashe kwastoman wani.

Kayan Nestlé kuwa ni ban cire duka ba, kuma ina faɗa a fili. Abincin jarirai da madara na bar su, saboda uwar da likita ya ce ta ba ɗanta wani abu takamaimai ba zan mayar da ita gida hannu rabbana ba. Dunƙule kuwa na ajiye na kamfanonin gida da daddawa a gaba inda ido zai fara sauka, mai so ya zaɓa. Wani zai ce na yi sassauci, wani zai ce na yi tsanani, ni dai iya abin da na ga zan iya ɗorewa a kai kenan shekara da shekaru ba tare da na cuci kowa ba.

Ban ga littafinka ba, ban san nawa ne bashin ba ko wace yarjejeniya ka sa wa hannu a kan firjin, saboda haka ka nemo takardar ka karanta ta ko ka ba wani ya karanta maka kafin ka kira kamfani. Gobe da safe ka sayi ƙaramin littafi ka fara rubuta cinikin lemon, ranar da sati biyu suka cika ka ɗauke shi ka tafi wurin dilanka ku zauna ku tsara yadda za ka gama biyansa. In ka samu lissafin ka sake turo min, sai mu duba ko firiza za ka fara nema ko kula da ƙanƙara za ta riƙe ka zuwa damina. Allah ya kawo wa mutanen Falasɗinu sauƙi, ya sa albarka a shagonka.